Kyamarori da sabar gida a kan rauta ɗaya: na buɗe ƙofa amma ba na ganin komai in na bar gida

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Ina neman taimakon masana. Ina da kyamarori 4 a gidana a nan Kano, biyu suna kallon ƙofar gida, ɗaya gareji, ɗaya tsakar gida, duk sun haɗu a rakoda ɗaya. Akwai kuma wata tsohuwar laftof da ƙanena ya ɗora wa Ubuntu da Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli, ya mayar da ita sabar gida kafin ya tafi bautar ƙasa, a cikinta muke tara hotunan iyali da lissafin shago. Rakodar da laftof ɗin duk suna jone da rauta ɗaya mai amfani da layin waya.

In ina gida komai lafiya lau, ina ganin kyamarorin a wayata, ina buɗe lissafina. Amma ni matafiyi ne, kusan duk wata sai na je Legas sari, kuma a can ne na fi bukatar ganin gidan. Na shiga saitin rauta, shafin da ake kira fot fowadin, na tura ƙofa ta 80 zuwa laftof. Da na zo tura ta zuwa rakoda sai rautar ta ƙi, wai an riga an yi amfani da lambar. To yanzu sai na sayi wani layi da wata rauta ke nan saboda kyamara kaɗai?

Autan Zaure:
Wa alaikumus salam Baba. Ba sai ka sayi komai ba. Ƙofa ɗaya ta waje ba ta zuwa ɗaki biyu, shi ya sa ta ƙi. Ka bar wa laftof 80 da 443 tunda su Nextcloud ke so, ka shiga saitin rakodar ka mayar da tata 8081, sai ka tura 8081 gare ta. Lambobin ƙofa sun haura dubu 65, ba za su ƙare maka ba.

Ɗan Zazzau:
Auta ya faɗi daidai, amma bari in ƙara, don wanda zai karanta daga baya.

Alhaji, ka ɗauki rautarka kamar maigadi ne a zaure. Duk gidan adireshi ɗaya duniya ta sani, na zauren. Ɗakunan ciki kuwa, wato laftof da rakoda da wayoyin yara, suna da lambobi irin su 192.168.8.100 waɗanda ba su da ma'ana a waje. In wani daga cikin gida ya yi aike, maigadi ya san shi, in saƙo ya dawo zai kai masa. Amma baƙon da ya zo da kansa ba wanda ya kira shi, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Abin da kake yi a wancan shafin shi ne ka bar wa maigadi sallahu: wanda ya ƙwanƙwasa da lamba kaza, kai shi ɗaki kaza.

Rakoda kuma ba ƙofa ɗaya take amfani da ita ba. Akwai ta shafin burauza, 80. Akwai ta hoton bidiyo da ake kira RTSP, 554. Sannan akwai wadda manhajar waya ke bi, wannan ta danganta da kamfani: Hikvision 8000, Dahua 37777, masu amfani da XMEye 34567. Da yawa suna tura 80 kawai, shafin ya buɗe amma hoto ya ƙi fitowa, su zaci rakodar ce ta lalace.

Sai abu biyu da ke kayar da mutane a wurinmu musamman saboda ɗauke wuta. Na farko, duk sanda rauta ta mutu ta tashi tana iya raba wa na'urori sabbin lambobi, sai ka ga ƙofar da ka tura wa rakoda ta koma tana nuna talabijin. Dole ka kafe wa rakoda da laftof lambobinsu. Na biyu, shi kansa adireshin waje yana canzawa, shi ya sa ake yin DDNS, irin DuckDNS ko No-IP, su ba ka suna da zai riƙa bin adireshin duk inda ya koma. Na No-IP na kyauta sai ka riƙa tabbatar musu duk kwana 30 cewa kana nan.

In za ka gwada, kashe wayifai ɗin wayarka ka kunna data. Wasu rautocin ba sa yarda ka fita ta zaure ka sake shigowa ta zaure kana cikin gida.

Amma kafin ka sha duk wannan wahalar, tunda ka ce layin waya ne, yi min abu ɗaya. Duba shafin farko na rautar inda aka rubuta WAN IP. Sannan ka buɗe ɗaya daga cikin shafukan da ke nuna wa mutum adireshinsa na intanet, kana kan wayifai ɗin gidan. Ka faɗo mana lambar farko ta kowanne kawai, kar ka rubuto duka a nan.

Baban Khalifa:
Injiniya Ɗan Zazzau na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na bi abin da kuka ce ɗaya bayan ɗaya. Na kafe rakoda a 192.168.8.50, laftof a 192.168.8.10, na tura 8081 da 554 da 8000, na yi DuckDNS. Na kunna data, shiru. Har shi Nextcloud ɗin ma ashe bai taɓa buɗewa daga waje ba, ban lura ba ne. Lambobin da ka tambaya: ta cikin rauta ta fara da 10, ta shafin kuwa ta fara da 105.

Ɗan Zazzau:
To abin da nake gudu ke nan. Alhaji ba kuskurenka ba ne, saitinka daidai yake. Ko ƙofa 100 ka tura ba za ta yi aiki ba.

Lambar da ta fara da 10 ba adireshin duniya ba ce, ta cikin gida ce kamar 192.168. Ma'ana bayan maigadinka akwai wani babban maigadi na kamfanin layin, kuma shi ba kai ka ɗauke shi aiki ba. Kamar mai shago ne a cikin wani gida a Kantin Kwari: mukullin shagonka na hannunka, amma babbar ƙofar gidan ba kai ke ba da umarni a kanta ba. Waccan 105 ɗin da ka gani, kai da mutane masu ɗimbin yawa kuke tarayya a kanta a lokaci guda. Sunan tsarin CGNAT. Wanda ya ga tasa ta faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, shi ma labarin ɗaya ne, tun 2012 aka keɓe wannan zangon domin wannan aikin.

Dalilinsa kuwa ƙarancin adireshi ne. Tsohon tsarin IPv4 adireshi wajen biliyan 4.3 gare shi, kuma babban rumbun da ake rabo daga cikinsa ya ƙare tun Fabrairun 2011. Kamfanin da ke da miliyoyin layuka ba zai iya ba kowane sim nasa adireshin ba.

Manomin Funtuwa:
Injiniya ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni Starlink na sa a gona saboda kyamarar ɗakin kaji, na ɗauka tunda daga sama take zuwa ba ruwana da wannan. Na duba, tawa da 100 ta fara.

Ɗan Zazzau:
Haka tsarinsu na gidaje yake, CGNAT ne a IPv4, kuma rautarsu ba ta ma da shafin tura ƙofa. Suna ba da IPv6, sabon tsarin da ba shi da ƙarancin adireshi, amma sai rakodarka da layin wayar da kake kallo da shi duk sun iya shi. Maganin da zan faɗa wa Alhaji kai ma zai yi maka.

Oga Mai Kyamara:
Jama'a ku yi haƙuri, kuna tsawaita abin da bai kai ya kawo ba. Shekarata 9 ina haɗa kyamara, daga Sabon Gari har Hotoro, ban tuna ranar da na buɗe wa kwastoma fot ba. Alhaji shiga menu na rakodar, wajen netwok, ka kunna P2P, lambar QR za ta fito, ka ɗauka da manhajar kamfanin, an gama. Minti 5. Rakodar ce ke fita da kanta ta je ta yi sallama da sabar kamfanin, wayarka ma ta je can, a haɗa su. Tunda daga ciki aka fita, babban maigadin da Injiniya ke faɗa ba ya tare ta. Ga kuma sanarwa tana shigo maka in an gifta.

Autan Zaure:
Oga wannan zai magance kyamara, amma laftof ɗin fa? Baba yana son lissafin shagonsa ma.

Oga Mai Kyamara:
Wannan kam ba fannina ba ne. Amma wanda ke Legas yana tunanin gidansa, kyamara ce gaba.

Ɗan Zazzau:
Oga ban raina P2P ba. In aka ce zaɓi tsakaninsa da buɗe ƙofar rakoda ga duniya, shi zan ce a ɗauka, musamman na manyan kamfanonin da ke sabunta kayansu. Inda nake ja da baya shi ne rakodojin nan marasa suna da suka cika kasuwa. A 2019 wani mai bincike, Paul Marrapese, ya nuna tsarin iLnkP2P da ke cikin na'urori sama da miliyan 2 ana iya lissafo lambobinsu a bi su ɗaya bayan ɗaya. A 2021 kuma aka sami wata ɓaraka a tsarin Kalay na ThroughTek. Mai kyamara bai ma san wane tsari ke cikin akwatin da ya saya ba, tambarin da ke jikin kwali daban, wanda ya rubuta manhajar daban.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Ni ba masaniya ba ce, karatu nake yi ina ƙaruwa, amma akwai abin da ya tsaya min a rai tun saƙon farko. Baban Khalifa ka ce ɗaya tana kallon tsakar gida. Don Allah iyalinka sun san ana shirin fitar da hoton nan waje?

Abin da ya sa na tambaya, ya faru da mu a Kaduna. Maigidana ya sa an haɗa mana, har da ɗaya a barandar da muke girki da wanki. Bayan wata kusan 7, rannan ya kira wanda ya haɗa ɗin yana cewa kyamara ɗaya ta yi duhu. Kafin ya gama bayani sai mutumin ya ce ai yana gani, ta baranda ce, shanya ce ta rufe ta. Ashe da asusunsa ya yi wa rakodar rajista, mu raba mana kallo kawai ya yi. Wata 7 gidanmu na cikin wayarsa. Ban ce ya yi wani mugun abu ba, Allah ne masani, amma ni da 'ya'yana mata a barandar nan muke wuni babu mayafi. Wallahi kwana na yi ban yi barci ba. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Oga Mai Kyamara:
Hajiya wannan ba daɗin ji, kuma ba zan kare shi don abokin sana'ata ne ba. Gaskiya da yawanmu na yin haka, wasu don sauƙin gyara daga nesa, wasu don kwastoman ya ce shi ba ya son wahalar imel. Ni a wayar mai gida nake buɗe asusu, da lambarsa, shi zai sa kalmar sirri ina juya baya. Duk wanda aka haɗa wa kyamara ya shiga manhajar ya duba: rakodar tana cikin na'urorinsa ne, ko cikin waɗanda aka raba masa? In raba masa aka yi, ya kira mai haɗawar ya cire ta daga asusunsa a gabansa. Ya kuma duba jerin masu shiga a jikin rakodar, in akwai sunan da bai sani ba ya goge.

Malam Na Gwale:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri da ta yi magana. Mu da aka umarta a Suratun Nur, aya ta 27, kada mu shiga gidan da ba namu ba sai mun nemi izini mun yi sallama, bai kamata mu zama mu ne muka buɗe wa baƙo tagar cikin gidanmu da hannunmu ba. Kuma a kula da na ƙofar gida, kar a saita su suna leƙa katangar maƙwabci.

Baban Khalifa:
Hajiya maganarki ta shige ni. Uwargida ta san da kyamarar, amma ban taɓa zama na yi mata bayanin cewa hoton zai bi ta intanet ba, don ni kaina ban kalli abin ta nan ba. Saboda ƙofar baya na sa ta. Yau in sha Allahu za mu yi maganar.

Bakatsine:
Ni dai ina da ja a kan tsoratar da mutane da ake yi da buɗe ƙofa. A Abuja nake, faiba gare ni, kuma kamfanin ya ba ni adireshin waje na gaske. Shekara 3 ke nan rakodata na buɗe. Na sa kalmar sirri mai harafi 18, na ɗauke ƙofar daga 80 na kai ta can sama da dubu 40 inda ba mai zato. Ban taɓa ganin komai ba. Waye zai bar bankuna ya zo yana neman kyamarar garejina? Ga shi hoto na zuwa kai tsaye, ba ya bi ta sabar kowa a wata ƙasa. In sirri ake magana ai nawa ya fi na masu QR.

Ɗan Zazzau:
Yayana, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, hotonka ba ya bi ta hannun kowa. Sauran ne ban yarda ba.

Ba mutum ne ke zaune yana nemanka ba, inji ne ke bin adireshi gida-gida dare da rana. Tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da ZMap, wadda ke zagaye duk adireshin IPv4 a kan ƙofa ɗaya cikin ƙasa da minti 45. Shodan kuwa tun 2009 yake tara jerin na'urorin da ke buɗe, har da irin manhajar da ke kansu. Kai ƙofa sama da dubu 40 yana rage hayaniya, amma wanda ya ƙwanƙwasa ta rakodar za ta amsa masa ta faɗi sunanta.

Kuma ba hotonka kaɗai ake so ba, ita kanta na'urar ake so. Muguwar manhajar nan Mirai a 2016 kyamarori da rakodoji da rautoci ta tara, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba aka danne kamfanin Dyn mai haɗa sunayen shafuka da adireshinsu, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga jama'a da yawa a Amurka.

Bakatsine:
Mirai ai ta telnet ta shiga, tsohuwar hanyar ba na'ura umarni daga nesa, ƙofa ta 23, da kalmomin sirri na asali wajen 60 irin su admin da 12345. Ni ban buɗe 23 ba, kuma na canza tawa. Wannan misalin bai kama ni ba.

Ɗan Zazzau:
Ka yi gaskiya, bai kama ka ba. Ga wanda ya kama ka. A Satumban 2021 aka bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2021-36260 a kayan Hikvision masu yawa, an ba ta maki 9.8 cikin 10 a ma'aunin tsanani. Ta shafin burauza ake shiga, kuma ba a bukatar suna ko kalmar sirri sam. Harafi 18 ɗinka ba a ma tambaye su ba. Kamfanin ya fitar da gyara, amma gyaran sai mai na'ura ya sauke ya ɗora. Ban ware su don sun fi kowa muni ba, sauran ma an samu nasu. Tambayata gare ka: a shekara 3 ɗin nan sau nawa ka sabunta manhajar cikin rakodarka?

Bakatsine:
Ban taɓa ba, gaskiya. Yanzu na shiga wajen da take ajiye tarihin shiga. Akwai yunƙurin shiga da aka ƙi, daga adireshin da ban sani ba, wasu da ƙarfe 3 na dare. Ba su shiga ba dai. Amma na ga abin da kake nufi. Sai dai har yanzu ina ganin Nextcloud daban ne, shi an gina shi ne don ya fuskanci intanet.

Ɗan Zazzau:
A nan muna tare. Sabar da kake sabuntawa, mai takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt a 443, da tantancewa mataki biyu, tana iya tsayawa a bakin titi. Rakoda ce ba ta da wannan ƙwarin. Kai da ke da adireshin waje abinka mai sauƙi ne: rufe duk na rakoda, ka ɗora WireGuard a sabarka, wato manhajar da ke shimfiɗa ƙullalliyar hanya tsakanin wayarka da gidanka, ka tura ƙofa ɗaya tak, UDP 51820. Kyawunsa shi ne wanda bai zo da mukulli ba ko amsa ba ya samu, kamar bango ya ƙwanƙwasa. Ka kuma kashe UPnP a rauta da rakoda, don ta nan na'ura ke buɗe wa kanta ƙofa ba da saninka ba.

Alhaji da Manomi, ku da ke bayan CGNAT, hanya uku ce. Ko ku nemi kamfani ya sayar muku da adireshin waje, wanda galibi sai a tsarin 'yan kasuwa. Ko ku kama hayar ƙaramar saba a waje, wajen dala 5 a wata, laftof ta riƙa fita tana haɗuwa da ita ta WireGuard, wayarku ma haka. Wannan yana so a iya Linux kuma a sami katin da ke biyan dala. Ko kuma Tailscale, wadda a kan WireGuard aka gina ta, tana da tsarin kyauta ga mai amfanin gida, kuma ba ta bukatar a buɗe ƙofa ko ɗaya. Ita nake ba Alhaji shawara, tunda laftof ɗin na nan a kunne dama.

Oga Mai Kyamara:
Injiniya to meye bambancinta da P2P ɗina? Ita ma ai sabar wani kamfani ce a tsakiya.

Ɗan Zazzau:
Tambaya mai kyau Oga, kuma akwai kama. Ita ma amana ce ka ba wani. Bambancin, mukullin sirrin yana kan na'urarka ba ya barinta, sabarsu gabatar da na'urorin kawai take yi. In hanya kai tsaye ta ƙi samuwa saƙon kan bi ta tasharsu, amma a ƙulle yake wucewa. Manhajar da ke kan laftof ɗin a buɗe take kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, kuma ana sabunta ta a kai a kai. Sannan da ita ɗaya Alhaji zai sami kyamara da lissafin shago gaba ɗaya. Rauninta shi ne asusun da ka shiga da shi, na Google ne ko waninsa. Wanda ya sace shi ya sami gidanka, don haka dole a sa masa mataki biyu.

Autan Zaure:
Baba ga yadda za ka yi, ko ka turo wa ƙanenka ya bi da kai ta waya. Bayan ka sauke Tailscale a laftof, ka kunna net.ipv4.ip_forward ya zama 1, sannan ka rubuta:

sudo tailscale up --advertise-routes=192.168.8.50/32

Wannan 32 ɗin na nufin rakodar kaɗai za a gani ta cikin laftof, ba duk gidan ba. Sai ka shiga shafinsu ka amince da hanyar, in ba haka ba ba za ta yi aiki ba. A nan kuma ka kashe ƙarewar mukullin laftof ɗin, don a ƙa'ida bayan kwana 180 yake ƙarewa, kar ya yanke maka kana Legas. Ka sa manhajar a waya da asusu ɗaya. A manhajar kyamara kuma ka ƙara rakodar da lambarta ta gida, 192.168.8.50 da ƙofar 8000, kamar kana falo. Ka koma rauta ka goge duk ƙofofin da ka tura.

Kar ka manta murfin laftof. A fayil ɗin logind.conf ka mayar da HandleLidSwitch ya zama ignore, in ba haka ba yaro na rufe ta ta yi barci, komai ya tsaya.

Manomin Funtuwa:
Ni ba ni da laftof a gonar. Ɗan ƙaramin kwamfutan nan Raspberry Pi zai yi?

Autan Zaure:
Zai yi sosai, ya ma fi ƙarancin cin wuta. Ka dai samar masa inuwa da iska, ka nisanta shi da ƙurar ɗakin kaji.

Baban Khalifa:
Alhamdu lillahi! 'Yan'uwa daga Legas nake rubuto wannan. Ƙanena ya bi da ni ta waya ranar Asabar, mun yi kusan awa 2. Yanzu ga ƙofar gidana ina gani, ga lissafin shago ya buɗe. Amma akwai matsala biyu. Hoton yana tsayawa yana tafiya, kuma datar gidan da nake sa ran ta kai ƙarshen wata, uwargida ta ce an turo saƙo ta kusa ƙarewa.

Oga Mai Kyamara:
Alhaji wannan kam fannina ne. Babban hoto kake buɗewa. Kowace kyamara hoto biyu take fitarwa, babba don ajiya, ƙarami don kallo daga nesa. In babban yana cin megabit 2 a daƙiƙa, guda 4 sun zama 8, wato gigabait 3.6 a awa ɗaya. Ƙaramin in ka sa shi a kilobit 512, wajen megabait 230 ne a awa ga kyamara ɗaya. Kuma ka tuna sau biyu kake biya, layin gida yana turawa, na wayarka yana saukewa. A manhajar ka zaɓi ƙaramin, ka buɗe babban sai in akwai fuskar da kake son tantancewa. In rakodar da kyamarorin sun iya H.265 ka kunna, yana rage nauyi sosai. Tsayawar da yake yi ma daga nan ne, layin waya ƙarfin turawarsa bai kai na saukewa ba, balle da yamma in unguwa ta hau.

Ɗan Zazzau:
Ka bi ta Oga. Sai maganar wuta, don yanzu sarƙar ta zama huɗu: kyamara, rakoda, rauta, laftof. Ɗaya ta mutu, ka makance. Duka za su ci wajen wat 55 zuwa 60 da daddare in fitilun kyamara sun kama. Batir mai volt 12 da amfiya 100 irin na ruwa, rabinsa ake so a ci, wato wajen awa 10 ke nan. Ka ware musu layinsu a inbata, kar a haɗa su da firij. Ka kuma riƙa duba batirin laftof ɗin, tsohon batir da ke jone kullum a zafin Kano yana kumbura.

In kana son ka ƙara ƙulle, goge lambar getwe a saitin rakodar, wato lambar rautar da take bi ta fita, ba za ta iya fita intanet da kanta ba sam, amma za ka ci gaba da ganinta, don ita a ganinta laftof ɗin da ke kusa da ita ce ke mata magana. Sai dai za ka rasa sanarwar motsi, kuma agogonta zai riƙa zamewa sai in ka sa laftof ta riƙa ba ta lokaci. Hoton da kwanan watansa ba daidai ba yana wahalar da mutum ranar da aka kai magana wajen hukuma.

Baban Khalifa:
Na koma ƙaramin hoto, yanzu yana tafiya sumul. Maganar getwe zan bari sai na dawo, don ina son in yi tunani a kan sanarwar, da daddare tana da amfani a gareji.

Hajiya Maman Ilham, mun yi magana da uwargida kafin in taho. Ta ce ita dama ba ta taɓa sakewa da ta tsakar gidan ba, kawaici ta yi min. Mun cire ta, an mayar da ita waje tana kallon ƙofar baya ta lungu, wanda dama shi ne dalilin sa ta. Na kuma sa mata manhajar a wayarta, tana ganin wanda ke ƙofa kafin ta aiki yaro ya buɗe.

Maman Ilham:
Madalla, Allah ya tsare mana gidajenmu. Ka gaishe ta. Oga Mai Kyamara, na duba namu kamar yadda ka ce, yanzu da sunan maigidan take. Amma a jerin masu shiga na jikin rakodar akwai wani suna bayan admin da ba mu san shi ba. In goge kai tsaye, ko in jira maigidan ya dawo?

Oga Mai Kyamara:
Hajiya ɗauki hotonsa da waya tukuna don maigida ya gani, sannan ki goge. Ki canza kalmar sirrin admin ɗin ma a zama ɗaya. Manhajar wayarku za ta nemi sabuwar, sai ku sa mata.